Ranar da Na Ɗauki Gonar Labbo

Ba yabon kai ba, amma duk Birnin Kebbi, daga Nasarawa har bakin gulbi, babu mai idon hoto irin nawa. Sana'ata sayar da kwanon rufi ce, hoto kuwa sha'awa ce da ta kama ni da girmana. Na taɓa ɗaukar zakara yana cara, wanda duk ya kalli hoton sai ya toshe kunne. Muna da ɗan zaure a waya, mu masu son hoton ruwa da daji da tsuntsaye, bana aka ce kowa ya kawo hoto guda na kwarin Rima, wanda ya fi kyau shi za a buga a kalandar da muke raba wa 'yan uwa. Na ce musu kowa ya mayar da kyamararsa jaka ya huta. Zan ɗauki fitowar rana a fadamar Zauro, in ɗauki faɗuwarta a Argungu, sai su zaɓa tsakanin ni da ni.

Daga Nasarawa zuwa Ambursa

Na fito tun kafin kiran salla, kyamara a wuya, doguwar baƙar jaka a kafaɗa. A cikin jakar akwai ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake kafa kyamara a kai. A tasha na samu ƙaramar mota, aka matse mu kamar kifi a kwando, jakar na tsaye tsakanin gwiwoyina. Wata mata mai buhun albasa ta dube ta, ta dube ni, ta yi salati a hankali ta ja mayafinta.

Ba mu yi nisa ba muka iske shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya haska mu da tocila, hasken ya tsaya a kaina.

“Alhaji, mene ne a jakar nan?”

“Ƙafa ce, ranka ya daɗe.”

“Ƙafar wa?”

Sai da na sauka, na zuge jakar, na miƙe ƙafafun ɗaya bayan ɗaya a kan kwalta, na ɗora kyamara, sannan ya yi dariya ya ce mu wuce. Mai albasa ba ta yi dariya ba. Har muka isa Ambursa ba ta bar buhunta ya taɓa ni ba.

A Ambursa na yi asuba, na sha koko da ƙosai a tsaye, na hau babur. Mai babur ɗin bai tambaye ni komai ba, sai kallona da yake ta yi ta madubi. Yana sauke ni a bakin fadama na ga ya ciro waya. A lokacin na ɗauka matarsa zai kira.

Zauro

Wanda bai ga fadamar Zauro da sassafe ba, ban san yadda zan yi masa bayani ba. Shinkafa kore shar har inda ido ya gaji, ruwa na kwance a ƙarƙashinta yana ƙyalli, tururi na tashi a hankali, injinan ban ruwa na tari can nesa. Na kafa ƙafa uku a kan kunya, na duƙa, na rufe ido ɗaya. Rana na leƙowa wani garken balbela ya tashi gaba ɗaya, farare tas, suka ratsa ta gabanta. Na danna. Wallahi a jikina na ji kalanda ta zama tawa.

Ina ɗagowa na ga mutum tsaye a bayana, wando naɗe zuwa gwiwa, fartanya a kafaɗa. Daga baya na san sunansa Labbo. Muka gaisa, gaisuwar tasa gajera.

“Malam, mi kaz zo yi nan?”

Ni kuwa farin ciki ya cika ni, na buɗe hannuwa biyu na ce, “Na zo ɗaukar fadamar nan ne.”

“Ɗauka?”

“Ɗauka. Daga nan har bakin gulbi.”

“Duka?”

“Duka, in Allah ya yarda. Wannan ta gabanmu ta wa ce?”

“Tawa ta.”

“To ina taya ka murna, taka ta fi ta kowa kyau. Ita na fara ɗauka. Na ma riga na gama da ita.”

Kalmar hoto, ɗaya tak, ita ce ban faɗa ba. Mu a zaurenmu ba ma faɗarta, sai dai ka ji an ce na ɗauki gulbi, na ɗauki dutse. Labbo ya juya ya ƙwala kira. Kafin in kwance kyamara mutane sun ɓullo daga cikin shinkafa kamar daga ƙasa suke tsirowa. In na ce dubu ne za ku ce na ƙara, to ku rage yadda kuke so, amma dai ban ga hanyar fita ba.

Nan na gane inda na taka. Ashe shekarun baya wasu mutane sun zo da ƙarfe mai ƙafa uku, suka duƙa suka rufe ido ɗaya kamar yadda na yi, suka kafa turaku suka tafi. Bayan haka rabin gonar mahaifin Labbo ta fita hannunsu, har yau ba su san ofishin da za su tambaya ba. Abin da ya rage shi ne wanda na ce na gama da shi.

Na rantse, na ce hoto nake nufi, hoton kalanda. Wani ya ce, “Su ma waɗancan hoto sunka ce.” Na ce su duba su gani, tsuntsaye ne kawai. Labbo ya ce shi bai san abin da ke ɓoye bayan tsuntsayen ba. Wani mai zafin kai ya ce a jefa kyamarar ruwa a huta. Wani dattijo ya raba gardama: Sarkin Noma ya tafi ta'aziyya Augie, sai gobe da hantsi zai dawo. Kyamara za ta kwana a hannun Labbo. In zo da wanda ya san ni. In Sarkin Noma ya ga alamar awon gona a ciki, a goge komai a gabansa, in kuma na yi taurin kai, gulbi na kusa.

“Ƙafar fa?” na tambaya.

“Tai da abarka. Ba ta gani in ba ido.”

Argungu

Mutum ɗaya na sani da maganarsa za ta yi nauyi a nan, Bawa, abokina tun makarantar firamare, mai sayar da kayan kamun kifi a Argungu, wanda ƙanwarsa ke aure a Zauro. Na fito titi na tsayar da mota. Duk hanya ina lissafin mutane. Mai babur ɗin nan, shi ya kira su. Ko kuwa Labbo ya san darajar kyamara sarai, wasan kwaikwayo ya shirya mini, yanzu haka tana kan hanyar kasuwa? Ko wani daga zaurenmu ne ya riga ni zuwa ya shafa mini baƙin jini? Har direban na fara zarga, don ya cika tambayar inda zan sauka.

Na iske Bawa a rumfarsa yana ɗinkin homa, ragar da masunta ke shiga ruwa da ita. Bai bari na zauna ba.

“A'a, ga mai awo! Gonaki nawa ka ɗauka yau?”

Labari ya riga motata isowa. A bakin ƙanwarsa ya ji, kuma kafin ya iso Argungu na zama mutum uku da farar mota da takarda mai hatimi. Bawa ya yi dariya har ya sarƙe, sannan ya sa aka kawo tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa. Na ci don kar a ce na raina, amma kowace loma da Labbo nake haɗiye ta, ina ganinsa yana latsa maɓallan kyamarata da hannun laka.

Da la'asar sakaliya Bawa ya ja ni bakin gulbin Matan Fada wai in sha iska. Ban san abin da ya sa na ɗauko jakar ba, sabo ne. Masunta na gyaran gorunan da suke hawa cikin ruwa, suna ganina suka daina hira. Wani tsoho ya kira Bawa gefe, amma da ƙarfi ya yi tambayar don in ji.

“Shi na? Ruwan ma za ya auna?”

“Baba, wanga ko kwanon rufi sai an taya shi aunawa.”

Ba su saki jiki ba duk da haka. Kowa ya jawo kwalekwalensa kusa.

Sai ga rana ta sauko kan ruwa. Gulbi ya zama ja kamar an zuba masa manja, wani masunci ya kwanta kan goransa yana ratsa tsakiyar jan, tsuntsaye na komawa gida a saman kansa. Tun da nake ban taɓa ganin irinta ba. Ga ni tsaye da ƙafa uku babu ido, wayata kuwa gilashin kyamararta ya tsage tun bara. Bawa ya dafa ni ya ce in ɗauka da zuciya. Na ce zuciya ba ta shiga kalanda.

Na kwana a ɗakin baƙinsa, sauro suka yi nasu awon a jikina, babu inda suka bari.

Komawa Zauro

Da hantsi muka sauka, ni da Bawa. An shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, Sarkin Noma na zaune, tsoho siriri mai farin gemu da tabarau ɗaure da zare. Labbo ya fito da kyamarata naɗe cikin sabon zanen matarsa, ko ƙura babu. Na ji kunyar kasuwar da na kai shi a raina.

Bawa ya yi bayanina, ya haɗa da abin da ban aike shi ba. Labbo ya yi nasa. Ya ce shi ba rigima yake so ba, gonar nan ita ce abincin gidansa, kuma da kunnensa ya ji na ce na gama da ita. Babu wanda ya yi dariya, ni ma ban yi ba.

Sarkin Noma ya ce in kunna. Na durƙusa kusa da shi na buɗe hoton balbelu. Kafin in faɗa muku hukunci, ku sani na iso Nasarawa lafiya kafin azahar, kyamara a wuya, hoto na ciki ba a goge ba. Ina gode wa Allah, ina gode wa Bawa da iyalinsa, da Labbo da ya raka ni har titi da ƙullin sabuwar shinkafa, ya ce in na sake zuwa in fara da sallama a gari kafin in yi wa tsuntsaye.

Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya juya kyamarar sama ta koma ƙasa. Na ce masa farin nan tsuntsaye ne, dishi-dishin kuma tururin safiya ne, masana na tafiya ƙasa da ƙasa nemansa. Ya miƙa wa Labbo.

“Labbo, nuna man gonarka nan ciki.”

Labbo ya duba, ya kawo kusa da hanci, ya kai nesa.

“Ban gane ta ba, Sarki.”

Tsohon ya karɓa ya ɗora mini a hannu.

“Ku ba shi abinai shi tahi. Wanga ko aiko shi anka yi, wanda ya aiko shi ya yi asara.”