A Gidansa Ita Ke Ɗauka

A ɗakin jiran likitar gyaran ƙashi a birnin Hue, Thoa mai sayar da taliya ta kasa ɗauke ido daga wani mutum, kuma ba burge ta ya yi ba. Ya baje shi kaɗai a bencin mutum uku, tumbi ya ɗage riga, gashi ya sha rini, yana ƙara nishi duk sanda aka dube shi. Irin mazan nan ne, in ji Thoa a ranta, masu wuni kan kujerar roba a shagon kofi.

Matarsa na tsaye riƙe da hular kwanonsa da jakarsa. Siririya ce, kafaɗarta ta dama ta sauka, inda sandar rataya kayan talla ta shekara da shekaru tana zama.

Likitar da ta gama murza shi ta biyo shi waje.

"Kawu, ƙashinka lafiya lau, zama ne ya yi yawa. Ka riƙa takawa. In za ka ɗauki kaya, durƙusa da gwiwa, kar ka sunkuya."

"Ni? Ita za ki koya wa, 'yata. A gidana ita ke ɗauka." Ya juya ga matar. "Ke, takalmina."

Matar ta dafa bango, ta cije leɓe, ta fara sunkuyawa. Thoa ta san wannan cizon leɓen, na ciwon baya ne, shi ya kawo ita ma nan. Ta damƙe hannun matar.

"Bari, yaya. Kai kuma, ga takalminka can. Da gwiwa aka ce."