Sista Dympna, Har Yanzu Ina Zarginki

Ranar Talata, ashirin da bakwai ga watan Mayu, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, Allah ya karɓi ran Sista Dympna McGirr a gidanta da ke hanyar tafki a Lisnaskea, tana da shekara sittin da huɗu. Makonni biyar ke nan da faɗuwar da ta yi a kicin, wadda ta shanye mata ɓarin jiki na dama, ta kuma ɗauke mata magana. 'Yarta Bronagh ce ta kira ni. Ta ce ta riga ta buɗe taga ta tsayar da agogon bango, kamar yadda al'adarmu take in an yi mutuwa, in ina so in zo kafin jama'a su cika gidan.

Sista, an roƙe ni in rubuta wani abu a kanki a madadin ma'aikatan gidan kula da tsofaffi na Drumaran, inda kika shugabanci jinya shekara ashirin da biyu. Sun ce ni ce mai karance-karance, ni zan iya. Ba su san cewa wata biyu na ƙarshen rayuwarki na yi su ina zarginki da cin amanata ba. Ke kika koya mini kada in sa hannu a kan abin da ba gaskiya ba, don haka zan faɗi duka.

Shekara huɗu da suka wuce na zo miki neman aikin taimaka wa tsofaffi da wanka da ci da sha. Kika dubi takalmina mai tsini, kika shiga ofis kika fito da wani tsohon takalminki na roba, kika ce, "Sa wannan, 'yar nan. Nan ba wajen rawa ba ne." Ya yi mini yawa. Kika cusa auduga a gabansa da hannunki.

Haka kike da kowa. Ranar hutunki kina zuwa yanke wa tsofaffi farcen ƙafa, domin kin ce mai zuwa yi duk wata tana da gaggawa. In mai zama a gidan ya rasu ba shi da kowa, ke ce ke bin akwatin gawarsa har maƙabarta, ko da ruwan sama, wani lokaci daga ke sai limamin coci. Lokacin aurena da Malachy, ke kika gasa kek ɗin biki mai hawa uku, kika ƙi zama a babban teburi, kika koma kicin kina yi wa masu wanke kwanuka faɗa. Kin san ina ɓoye ɗan littafin soyayya a aljihun rigar aiki. Kika raɗa mini Gimbiyar Shafi na Gaba, sunan ya bi ni har gida.

Akwai wani tsoho a ɗaki na tara, Hughie Tummon, wanda ya yi rayuwarsa yana kama kifi a tafki. Ciwon shanyewar jiki ya hana shi magana shekara guda. Na fara karanta masa littattafaina bayan abincin rana, saboda ban san me zan ce masa ba. Wata rana na tsaya a tsakiyar jimla don in juya shafi, sai na ji ya ƙarasa kalmar. Daga nan na riƙa tsayawa da gangan. Cikin wata uku yana iya neman shayi, yana iya zagin gwamnati.

A kakar bara kuma na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Misis Ita Corrigan ta ɗaki na huɗu ba ta iya motsi, dole a juya ta duk bayan awa biyu, mai juyawa ya sa hannu a takardar da ke rataye a ƙafar gado. Ranar na sa hannun ƙarfe biyu tun kafin lokaci, da niyyar in leƙa Hughie minti biyar in dawo. Ranar ce ya faɗi sunan matarsa. Ban dawo ba sai huɗu ta wuce. Na same ki a tsaye, takardar a hannunki, filo yana nan a gefen da aka sa shi tun sha biyu. Jan tabon da ya fito a ƙugunta ya zama miki, ya ɗauki mako shida kafin ya warke, kuma kullum kina sa ni in riƙe miki fitila in kin zo wanke shi.

Abin da kika ce mini a ofis gajere ne. "Ba zan kore ki ba. Amma ba zan yi ƙarya a takarda saboda ke ba, yau ko gobe."

A watan Janairu na cika fom ɗin neman gurbin karatun jinya. Tun ina yarinya nake so in zama nas. Ba zan ɓoye ba, rabin mafarkin daga littattafai ya fito, inda nas ke tsaye da farar riga kowa yana jiran kalmarta. Ɗaya rabin kuma daga ke ya fito. Fom ɗin yana da gurbi biyar, kuma wasiƙar shaida guda ɗaya ce ke bin dukansu, wadda shugabar aiki ke aikawa kai tsaye ba tare da mai nema ta gani ba. Na cika gurbi uku da jinya. Kika leƙo ta bayana kika ce in sa karatun farfaɗo da magana a na huɗu, aikin koya wa irin su Hughie furuci da haɗiya.

Na ce, "Sista, ai ba shi nake so ba."

Kika ce, "Gurbi ne a banza. Ya ci miki abinci?"

Na sa, don kada in yi miki musu.

Cikin Maris duk ukun suka ƙi ni, ko hirar tantancewa ba su kira ni ba. Farkon Afrilu na huɗun suka kira ni, suka ba ni gurbi, suka ce in ba da amsa kafin ranar huɗu ga Yuni. Ko in karɓa in bar jinya, ko in ƙi in jira shekara guda in sake nema, wannan karon da shaidar wani.

Daga nan zargin ya fara, kuma da ya fara komai ya riƙa shiga layi. Me ya sa kika matsa a kan gurbi na huɗu tun kafin kowa ya ƙi ni? Me ya sa ranar da za ki rubuta wasiƙar kika rufe ƙofar ofis, ke da ba kya rufewa? Da na gaya miki an ƙi ni, ba ki yi mamaki ba, kin dai ɗora tukunyar shayi. A ɗakin hira, ɗaya daga cikin malaman ta ce sun ji labarin wani masunci. Ban rubuta labarin Hughie a fom ɗina ba. In kin ba su labarin ɗaki na tara, me zai hana ki ba su na ɗaki na huɗu? Duk rana ɗaya aka yi su.

Na kai wa Malachy maganar yana cin dankalinsa kafin ya fita da motar madara.

Ya ce, "Dervla, matar nan fa ita ta gasa mana kek ɗin biki."

Na ce, "A littattafai ma mai gasa kek ɗin ce ke sa guba."

"To ai mun ci, ga mu da rai. Ke dai kin rasa mugu a gida, kin je kin samo a wajen aiki. Je ki tambaye ta mana, ba cizo take ba."

"Tana cizo."

"To ta ciji. Ko ki nemi kwafin wasiƙar, ba kin ce doka ta ba ki dama ba?"

Gaskiya ne, ina iya rubutawa ofishin karɓar ɗalibai su aiko mini da abin da kika rubuta. Sau uku ina fara saƙon ina gogewa. Maimakon haka na koma kallonki ta wutsiyar ido. Na sauya ranakun aikina don kada mu haɗu. In kin ce sannu, ina neman abin da ke ƙarƙashin sannun. Kin kawo burodin alkama ɗakin hutu kin ajiye mini yanki a faranti, na bar shi ya bushe. Kin lura, na san kin lura. Ba ki ce komai ba, na ƙara wannan ma a cikin hujjojina.

Sai kika faɗi.

Mako uku kina asibiti ban je ba. Na ce wa kaina ba a son taro. Da aka dawo da ke gida, Bronagh ta kira ni ta ce tana son zuwa Enniskillen karɓo magani, ko zan zauna da ke ranar Laraba da rana. Kafin ta fita ta nuna mini takardar da ta liƙa a jikin ƙofa. Ta ce, "Na juya ta sha biyu. Sai biyu kuma. Kin fi ni sani."

Na same ki a kwance ta gefen dama, bakinki ya karkace, agogon ƙirjinki na aiki a maƙale a jikin rigar barci, domin Bronagh ta ce ba kya natsuwa in babu shi. Na zo da tambayata a baki. Da na ga idonki sai na kasa. Ko na tambaya, da me za ki amsa? Na ciro littafi daga jaka, na ce, "Sista, yau dai ba ki da ikon hana ni."

Na fara karatu, ina tsayawa kafin ƙarshen jimla yadda nake yi wa Hughie. Shafi goma babu komai. Na matso da kujera yadda za ki ga leɓena. Na koma baya, na rage sauri. A inda jarumin ya durƙusa cikin ruwan sama yana roƙon gafara, na tsaya, na jira. Leɓenki suka yi ta kokawa. Sai ga kalma ta fito, a daddafe amma sarai.

"Shirme."

Na yi dariya har da hawaye. Na ce ki sake, kika sake. Na gwada ki da shayi, da Bronagh, da taga. Kika samu biyu cikin uku. Ban taɓa jin na iya wani abu a duniya kamar yadda na ji a wannan kujerar ba.

Ina cikin haka kika ɗaga hannun hagu, kika ɗora yatsa a kan agogon ƙirjinki, kika buga shi sau biyu. Na duba. Uku saura kwata.

Na juya ki. Ƙugunki ya yi ja. Na gyara filo yadda kika koya mini, na ɗauki biro, na rubuta ainihin lokacin a takardar ƙofa, uku saura kwata, na sa sunana. Kina kallona har na gama, sannan kika rufe ido. Bayan kwana shida ciwon ya sake bugunki, ya tafi da ke.

Kwana biyu aka yi ana zaman makoki. Gidan ya cika har tsakar gida, mata suna ta yanka burodi suna zuba shayi, maza a jingine da bango suna labarin farashin shanu da irin faɗan da kika taɓa yi musu. An kawo Hughie a keken guragu. Ya riƙe hannun Bronagh ya ce, "Sannu da haƙuri, 'yata," kalma huɗu a jere, babu tuntuɓe. Na tsaya a gefen akwatin gawarki, wanda aka bari a buɗe, na daɗe. An maƙala miki agogon a ƙirji.

Ranar Litinin, biyu ga Yuni, na karɓi gurbin farfaɗo da magana. Malachy ya tambaye ni ko na tabbata, ko kuwa baƙin ciki ne ke danna mini yatsa. Na ce masa nas tana da mutum goma sha biyu da agogo ɗaya, ni kuwa in na zauna da mutum ɗaya sauran duniya ɓacewa take yi. Akwai aikin da ake neman hakan. Ba shi ne wanda na yi mafarki ba, kuma har yanzu in na ga farar riga sai na kau da kai.

Ban nemi kwafin wasiƙar ba, kuma ba zan nema ba. Amma kada ki ɗauka na daina zarginki. Ina zargin kin rubuta musu labarin ɗaki na huɗu, da kwanan wata da lokaci, kamar yadda kike rubuta komai. Ina zargin kin san sarai wace ƙofa zai rufe, wace zai buɗe. Akwai kuma zargi na uku, shi ne yake hana ni sakat. Hannunki na hagu lafiyarsa ƙalau, agogon yana ƙirjinki, kuma ke ba ki taɓa makara da minti ɗaya ba a rayuwarki. Kina iya buga shi tun ƙarfe biyu daidai. Kika kwanta a kan ƙugu mai ciwo minti arba'in da biyar kina jirana, don in gani da idona abin da ba zan yarda ba in an faɗa mini.

Allah ya jiƙanki, Sista Dympna. Ya yafe miki kurakuranki, har da wanda nake zarginki da shi, in ma kuskure ne. Ya yafe mini burodin da na bari ya bushe. Ya ba ki hutu madawwami, ya haskaka makwancinki, ya saka miki da kowace gawa da kika raka ke kaɗai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Bronagh da ɗan'uwanta Ultan, da jikokinki uku, da ma'aikata da mazauna gidan Drumaran. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya sa namu ƙarshen ya zo a hannun masu kula irinki. Amin.

Dervla Keown
Lisnaskea