Kuɓewar Inna Mai Jan Ƙyalle

Ina share ƙarƙashin gado tsintsiya ta bugi wani gwangwanin madara, ya gangaro yana kacau-kacau. Cikin kayan Inna ya zo, waɗanda aka aiko mini daga gida bayan rasuwarta, na tura su can don ban iya kallonsu ba. Na buɗe, sai ga irin kuɓewa, bai cika tafin hannu ba. Kuɓewar bayan ɗakinta ce, gajeriya mai yauƙi, wadda ita ma a wurin uwarta ta gada.

A lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, kowane namiji a Agege ya wayi gari ɗan siyasa. Maigidana Alhaji dillalin fata ne a abbatuwa, amma ya ɗinka babbar riga ya fara neman kansila. A Agege aka haife shi. Bai taɓa riƙe fartanya ba, ko a hoto.

Bayan gidan hayarmu akwai wani lungu tsakanin banɗaki da katanga. Na roƙi Iya mai gida ta bar mini, ta ce in dai zan riƙa tsinko mata na miya. Na jera tsofaffin bokitai da buhunan siminti, na cika su da ƙasa, na yi bismillah na shuka irin duka. Rabin irin bai fito ba, ya kwana biyu a gwangwani. Wanda ya fito kuwa ruwan Legas ya karɓe shi.

Da na nemi Alhaji ya taho mini da kashin shanu daga wurin aiki, dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Hajiya, mutumin da zai zama onarabul ne zai hau danfo da buhun kashi? Kuɓewar naira nawa ce a kasuwa?"

Ni na je na ɗauko, a kaina.

Da kuɓewar ta yi fure ta fara 'ya'ya, sai lambu ya canja mai shi. Duk baƙon da ya zo sai an zaga da shi ta gefen banɗaki. "Ka ga gonata," in ji Alhaji, hannu a bayan riga. "Mu jinin manoma ne. Abin da nake gaya wa jama'a ke nan, romon dimokuraɗiyya daga gida yake farawa." Ina daga kicin ina jin yadda ya sha wahalar ban ruwa. Allah ya yafe mini, har tausayinsa na ji.

Muka ci, Iya ta ci, maƙwabta suka ci. Amma manyan 'ya'yan farko na bar su a jikin uwa, na ɗaura wa kowanne jan ƙyalle, kamar yadda Inna take yi, don kowa ya san na iri ne, sai sun bushe ƙayau za a cire. Gwangwani ya riga ya zama fanko. Idan waɗannan suka tafi, kuɓewar Inna ta ƙare a duniya. Na faɗa wa Iya, na faɗa wa yaran gida. Na faɗa wa Alhaji ma, yana sauraron rediyo ya ce, "To, to, madalla."

A kwanakin nan 'yar autata, wadda ba ta shiga firamare ba tukuna, ta samo wani abin wasa da take kaɗawa tana yawo da shi cikin riga. Ya ishe ni da ƙara. Ban taɓa dubawa ba, sai dai in ce ta fita waje da shi.

Ranar wata Asabar na dawo daga Islamiyyar matan aure, na tarar da Iya a bakin ƙofa tana tafa hannu.

"Maman yara, oga ya yi girbi o!"

Ciyaman ɗin jam'iyya na mazaɓa ne ya zo da mutanensa. Alhaji ya kai su gonarsa, ya ga ba zai bar babban baƙo ya tafi hannu sake ba. Ƙananan nan masu taushi bai taɓa su ba, sun yi masa ƙanƙanta. Masu jan ƙyalle ya bi ɗaya bayan ɗaya da wuƙar fawa, ya cika leda. Iya ta ce har bayani ya yi, wai waɗannan su ne sifeshal, shi ya sa madam ta yi musu ado.

Sun wuce ci, sun yi tauri kamar itace. Ba su kai iri ba, cikinsu fari ne ɗanye. Ya zaɓi daidai lokacin da ba su da amfani ga kowa, kuma a ganina wannan ma baiwa ce.

"Alhaji, na iri ne fa. Na Inna."

"Haba Hajiya, kuɓewa dai? In na hau kujera, tirela zan sa a kawo miki daga Arewa. Kin san yadda ciyaman ya yi murna kuwa?"

Murnar ba ta kwana ba. Washegari matar ciyaman ta aiko da tambaya, wai icen girki ne ko na sakace. Takarar ma wani aka ba.

Sauran itatuwan sun tsufa, damina tana janyewa, furen da suke yi zubewa yake. Na zauna a kan bokiti a lungun nan, ga jajayen ƙyallaye a ƙasa, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka aiko da kayan Inna.

Sai na ji kacau-kacau a bayana. Na juyo zan kore ta, na ga abin da ke hannunta: kuɓewa guda, busasshiya ƙayau, har ta fara tsagewa. Ashe can ƙasa ta ɓuya a bayan bokiti tun farkon damina, ni ban gani ba, ɗan takara bai gani ba. Na miƙa hannu. Ta ɓoye a bayanta, ta ƙare mini kallo, sannan ta miƙo.

"Umma, aro na ba ki. In kin gama kukan ki dawo mini da abina, kuma kar ki nuna wa Baba."