Ƙulli Tara, Ciki Wata Bakwai

Jiya ina zaune wurin Goggo Rabi, ƙanwar babana, sai ta ciro wani tsohon zare mai ƙulle-ƙulle, ta ce: "Wanga zaren ya kusa kashe auren uwarka."

Na ce ta ba ni labarin.

Ashe farkon samun mulkin kai, da Inna ta samu cikina a nan Agadas, ba ta san kalanda ba. Duk tsayuwar wata sai ta yi ƙulli ɗaya, ta tura zaren ƙarƙashin tabarma.

Rannan kakata, uwar babana, ta ga zaren ta ƙirga, ƙulli tara. Alhali wata bakwai ke nan da dawowar babana daga ayarin gishiri na garin Fashi! Gida ya ruɗe. Inna na kuka tana rantsuwa, ita kanta lissafin ya ɓace mata. Ungozoma ta shafa ciki ta ce bai kai ba, ba wanda ya yarda.

Sai bayan wata biyu na faɗo, kamata ɗaya da Baba.

"To Goggo, ƙulli biyun fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni ce. Laulayi ya kwantar da uwarka, na zaci ta mance, na ƙulla mata sau biyu. Da rigima ta tashi, tsoro ya kama ni."

"Shekara sittin kina shiru?"

"Kullum sai in ce gobe zan faɗa mata, har ta rasu."

Ga zaren nan a hannuna, na rasa abin da zan yi da shi. Jama'a, da ku ne, me za ku ce wa Goggo?