Kwana Huɗu Suka Cinye Gonar Kawu

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Tambuwal, ni da wani abokina malamin gona. Kawuna ne ya yi waya daga Kebbe, ya ce in zo da wanda ya san ciwon shuka. Motar ta mutum shida ce, amma mu tara muka matsu, ban da akuyar da ta yi ta shinshinar hulata. A hanya muka karya da kunu da ƙosai. Ƙosan ya koma kamar ƙwan zabo, kuɗinsa kuwa bai ragu ba.

Daga Kebbe muka hau babur zuwa fadama. Tun kafin mu sauka wari ya tare mu. Na san gonar nan, amma abin da na gani ya hana ni ko sallama. Tumatir kamar an watsa masa tafasasshen ruwa: ganye ya yi baƙi ya lanƙwashe, kara ya yi duhu, 'ya'yan duk tabo mai ruwan ƙasa. Dankalin Turawan da Kawu ya gwada bana a gefe shi ma haka. Muka tono ɗaya, ya ruɓe.

"Kwana fuɗu kaɗai, ɗana," in ji Kawu. "Maganin ƙwari munka yi ta fesawa, amma kamar taki nika ba shi."

Abokina ya juya wani ganye, ya nuna mana farar funfuna a bayansa. Ya ce ba ƙwaro ba ne, cuta ce mai son sanyi da raɓa, iska ke yaɗa ta, wataƙila ma a irin dankalin ta zo.

Ya dubi Kawu ya ce, "Baba, sai a tuge duk wanda ya kamu a binne. Na maƙwabta a fesa musu maganin funfuna yau, a daina jiƙa ganye wurin ban ruwa."

Kawu ya sunkuya ya tuge na farko da hannunsa. Har la'asar muna haƙa rami. 'Yan kunyoyi biyu na shuka kawai muka bari.

Bayan magariba muka iso gida. Da ina ganin feshi feshi ne. Yanzu na gane magani ba ya aiki sai an san ciwo, kuma cutar nan ba ta jiran ranar kasuwa: wanda bai leƙa bayan ganye da sassafe ba, rami zai haƙa wa guminsa.