Zamzam ɗin Gwaggo

A gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka, zamzam ruwan sha ne kawai. Da shi muke dafa shayi, da shi mahaifiyata take haɗiye maganin hawan jininta. Shi ya sa ranar da Baba ya kira ni soro ya ɗora mini 'yar jarka a cinya, ya hau yi mini huɗuba a kanta, sai da na danne dariya.

Baba Basarke ne, mutumin Yauri. Ya zo aikin hajji tun yana saurayi, ya zauna, ya haife mu. Yana da yaya guda da ta rage a wani tsibiri can cikin kogin Kwara, ita ce ta aiko cewa tana son zamzam ta yayyafa wa likkafaninta tun tana da rai. Ƙafar Baba ba ta tafiya, ni kuwa na gama aikin dafa abinci a Arfa, ina zaune ba abin yi.

"Ya waladi, ruwan ga amana ne," in ji shi. "Ka tahi da shi har hannunta."

Na ce, "Tayyib, Baba. Moya ce fa, ruwa kawai, ba zinariya ba."

Da na isa Yauri, a bakin ruwa na tarar da ɗan Gwaggo yana jirana da kwalekwale. Taubashina ne, don haka tun kafin mu gama gaisawa ya dubi farar jallabiyata ya ce ko ɗaurin auren kifi aka gayyace ni. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi na tankin saman gidanmu ba, in ban da tekun Jidda daga nesa, na shiga jirgin nan da ƙafar dama ina karanta duk addu'ar da na sani. Na zauna a tsakiya na rungume jarkar kamar jariri.

Gaskiya tafiyar ta yi mini daɗi. Muna tashi da sassafe, ruwa lumui, ba ka jin komai sai ƙarar filafili da tsuntsaye. Da la'asar mu ja jirgi kan yashi, mu kafa sanduna mu rataya gidan sauro, taubashina ya gasa karfasa da gishiri da barkono. Sau ɗaya muka hangi kunnuwan dorina, na ce mu koma, ya ce ai ita ma zamzam ɗin ta zo nema. Ya ba ni filafili in gwada, jirgi ya yi ta juyawa wuri ɗaya har mata masu wanki a gaɓa suka bar wankinsu suna kallo.

Abin da Baba bai faɗa mini ba shi ne, a kogin nan ba a wuce tungar masunta ba a tsaya ba. Kuma taubashina bakinsa ba ya riƙe magana. Muna sauka zai ce, "Ga ɗan Makka, kuma ba hannu sake ya zo ba." Sai a shimfiɗa tabarma, a kawo tuwo da miyar kifi banda, in ci in yi nak. Bayan nan sai ka ga wata tsohuwa ta matso da murfin kwalba, ko wani ya kawo jaririn da aka haifa jiya a ɗiga masa a baki. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ni kuma a garinmu ban taɓa ganin an hana mutum zamzam ba, hannuna bai ma san yadda ake hanawa ba.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A tunga ta gaba na ɗaga jarkar na ga rana ta cikin rabinta, gabana ya faɗi. Taubashina ya ce, "Mi kaka damuwa? Cika ta da ruwan kogi. Haka alhazai ka yi, ɗigo guda na isan randa." Na ce wallahi ba zan yi wa tsohuwa algus a likkafaninta ba. Muka yi ta musu har ya daina yi mini magana, na tsawon cin kifi ɗaya.

Da muka isa tsibirin, abin da ya rage bai fi cikin kofin shayi ba. Kunya ta ishe ni. Na durƙusa gaban Gwaggo, wata 'yar tsohuwa mai idon Baba sak, na fara kame-kame. Ta girgiza jarkar a kunnenta, ta tambayi su wa suka sha. Na lissafa mata tungayen. Ta yi dariya ta ce, "Duk dangin ubanka ne. Da ka hana su, da ni zan kore ka."

Ta sa aka ɗauko farin yadinta daga ƙasan adaka, ta tsoma yatsu ta yayyafa masa kusurwa-kusurwa, ta lashe sauran. Sannan ta dogara sandarta har bakin ruwa, ta ƙi kowa ya taimake ta, ta nutsa jarkar ta cika ta. Ta ce in kai wa ƙaninta.

Haka na dawo Makka da ruwan kogi naɗe cikin kayana. Ƙanwata ta ga launinsa ta ce, "Haram alaik, wannan zai kashe Baba, a tafasa tukuna!" Baba bai ko kalle ta ba. Ya buɗe murfin, ya shinshina. Ya zuba a tafin hannunsa ya kurɓa, ya shafe fuskarsa da sauran, gemunsa yana ɗiga.

Ya tambaye ni, "Da kanta ta ɗebo?"

Na ce da kanta. Ya rufe jarkar ya tura ta ƙarƙashin gadonsa, ya ce kada wanda ya taɓa masa, da shi za a yayyafa wa nasa likkafanin.