Masifaffiyar Ɗakin Bincike

"Wane mai ƙaiƙayin hannu ne ya goge fiffiken nan?"

Muryar shugabar wurin ta cika ɗakin binciken, har Yaya da ke leƙe ta taga ta ja baya. Abinci ta kawo wa Autarsu, wadda ke gwajin neman aiki a nan, sai ga wannan masifaffiya: doguwa, tabarau a goshi, farar rigarta duk tabon shayi. Ta kafa ido a na'urar ƙara girman abu tana huci.

"Garin da kuka share ba datti ba ne. Ƙananan ɓawo ne a jere kamar na kifi, su ne launin malam-buɗe-littafi."

Ta bi fikafikan da aka ba masu gwajin ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga na Auta da hantsaki, a hankali kamar mai ɗaukar jariri. Ta duba, ta ja tsaki, ta wuce.

Yaya ta bar wurin ranta a ɓace. Wannan mata, ko 'ya'yanta ba sa dariya a gabanta, ina za ta ɗauki Auta? Tana isa gida wayarta ta yi ƙara.

"Yaya, ta ɗauke ni! Wai nawa kaɗai ne babu sawun yatsa."